Maƙerin da Ya Ɗaure Ƙasa

Can bayan inda fatake ke gajiya su juyo gida, akwai wani gari da ake kira Zamiya, wanda ƙasarsa ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Wata tsaga ce ta ratsa tsakiyar garin daga kudu zuwa arewa, faɗinta bai wuce a zura hannu ba, zurfinta kuwa sai Allah. Rabin garin na yamma kullum yana jan jiki zuwa arewa, na gabas yana jan jiki zuwa kudu, kamu guda a shekara. Ido ba ya ganin tafiyar. Amma wanda kuka tashi ƙofa da ƙofa, kafin ku yi furfura sai ka ɗaga murya sannan ya ji sallamarka.

Mutanen garin suna da wata al'ada da suke kira ciyar da tsaga. Duk kaka, in an gama girbi, kowace matar aure da gidanta ke bakin tsagar takan narka man kaɗanya ta tsiyaya a ciki, daidai ƙofarta. Wata tsohuwa, Iya Hakama, ita ke gaba a wannan hidima. Muddin ana zuba man nan, ƙasa takan zame sumul, ko tulu ba ya faɗuwa.

A gefen gabas akwai wani maƙeri, Korau, mutum mai tsadar magana, wanda kana iya wuni a maƙerarsa ba ka ji komai daga bakinsa ba sai tari. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Tabawa, ita ce ta fari, ita ce auta. Da yake 'yar fari ce, kunya ta hana shi ko kiran sunanta. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Bai taɓa yaba mata a gaban mutane ba, bai taɓa yi mata dariya ba, alhali kuwa duk duniya ba abin da yake so kamarta.

Da ta isa aure, sai ta auri wani majemi da ke hayin yamma, aka yi sa'a ƙofar gidan tana kallon maƙerar. Uba ba ya zarya gidan suruki, wannan kowa ya sani. Amma daga inda Korau ke zama yana ƙira, idan ya ɗaga kai yana hango ta cikin zaure har tsakar gida: ga murhu, ga turmi, ga Tabawa tana kai da kawowa. Wannan hangen shi ne abincin ransa. Har ƙaurin girkinta yakan jiyo, don Tabawa, Allah ya ba ta komai ya hana ta haƙurin tsayawa kan wuta. Man da take narka wa tsaga ma sai ta ƙona shi, matan unguwa su yi ta tsokanarta suna cewa aljanun ƙasa za su yi tari.

Kaka ta zagayo, turmi ya ɓace masa, bango ya rufe shi. Wata kakar ta zagayo, sai ya leƙa sannan ya hango gefen murhu. Ya san in an ƙara shekara, abin da zai gani bangon laka ne kawai. Duk mutumin Zamiya ya san wannan rabuwa, ya kuma haƙura da ita, amma Korau ya kasa.

Yana da gatarin aradu da ya gada wajen kakansa. Ya narka shi da tama, ya ƙera turke mai tsawon mutum da kaurin cinya. Ran da gari ya watse zuwa gona da rana tsaka, ya saka bakin turken cikin tsagar a gaban maƙerarsa, ya yi ta dukansa har ya nutse. Ya ji wani nishi daga ƙarƙashin ƙafarsa, irin na wanda aka shaƙe. Duk da haka ya tara toka ya rufe kan turken, ya koma wurin zamansa.

Ƙasa ta tsaya cak. Gari ya ɗauki murna, aka ce Allah ya yaye musu tsohuwar lalura. Mata suka daina zuba mai, suna cewa wa zai ciyar da abin da ya mutu. Iya Hakama kaɗai ke bin bakin tsagar tana girgiza kai, ana ce mata tsufa ne. Korau kuwa ya ci gaba da hangen gefen murhunsa, har ya ga Tabawa da ciki, ya gan ta da goyo, ya ga goyon ya sauka yana gudu, wani ya hau.

Sai abubuwa suka fara canzawa. Ruwan rijiyoyi ya yi ɗumi da ɗaci. Kaji suka ƙi saukowa daga kan danga. Tururuwa suka yi jerin gwano suna ficewa daga gari ɗauke da ƙwayayensu. In ka kafa kunne a ƙasa sai ka ji tana ƙara kamar tsarkiyar baka da aka ja har ƙarshe. Wata safiya Iya Hakama ta bi zafin ƙasa da tafin ƙafarta har gaban maƙera, ta ga toka tana hayaƙi ba wuta. Ta sa sandarta ta ture, sai ga kan turke ya yi jawur, ya lanƙwashe.

Ta dube shi ta ce, "Korau, kai ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ɗauko awartaki zai kama turken, ta daka masa tsawa: "Kul! Ka fizge shi yanzu, ko tsinke ba zai rage tsaye a garin nan ba. Kakata ta ba ni labarin ran da dutse ɗaya ya maƙale a tsagar nan shekara biyu kacal. Da ya fashe, gidajen bakin tsaga su suka fara rufta wa masu su. Naka kuwa shekara nawa? Gidan wa ya fi kusa da turken nan?"

Korau ya dubi ƙofar da ke kallonsa. Ya ce, "Iya, to mu kwashe mutane mu bar garin."

Ta ce, "Zuwa ina? Tsagar nan ta wuce mu gaba da baya, ba wanda ya ga ƙarshenta, kuma ba wanda zai yarda ya bar rumbunsa saboda maganar tsohuwa. Kai ka ɗaura, kai za ka sauka wurin masu ƙasa ka ji yadda ake kwancewa. Ka bi ta Karkatacciya."

Karkatacciya wata tsohuwar rijiya ce da aka haƙa bisa kuskure a kan tsagar, tafiyar ƙasa ta raba ta biyu. Korau ya zuba guduma da awartaki da zugazugi a buhun fata. Zai wuce ke nan sai ga Tabawa a bakin ƙofa da goyo, ta durƙusa ta gaishe shi.

Ya kau da kai ya ce, "Ke, in kin ga ƙasa ta motsa, ki koma zuba mai. Ki gaya wa sauran mata."

Ta ce, "To, Baba. Ina za ka da kayan aiki?"

Ya ce, "Neman tama."

Ta dube shi, ta dubi buhun. Ta shiga gida ta fito da curin man kaɗanya a ganye. "Ga shi saboda faso, Baba. Ya ɗan yi ƙauri, ka yi haƙuri." Ya karɓa. Sunanta ya zo masa har kan harshe, ya haɗiye shi, ya juya.

Ya sauka cikin rijiyar, ya yi ta sauka har hasken sama ya koma kamar ƙwayar gero, sannan ya ɓace. Ƙafarsa ta taka ƙasa a bakin wata kasuwa mai shuɗin haske, wadda ba sayarwa ake yi a cikinta ba, cigiya ake yi. Duk abin da tsaga ta taɓa rabawa tun farkon duniya nan yake faɗowa: rabin tukunya, rabin kuka da rabin gidan tsuntsu a kanta, rabin kabari. Mutanen wurin ma rabi-rabi ne, ido ɗaya, hannu ɗaya, ƙafa ɗaya, suna tsalle suna manna jikinsu da na juna ko za a dace, ba a dacewa. Suna ganin Korau suka yi masa caa, suna shafa shi suna kuka, don sun manta yadda cikakken mutum yake.

Aka kai shi gaban sarkinsu, yana zaune kan rabin karaga. Sarkin ya ce, "Ya kai cikakke ɗan cikakku, me ya kawo ka ƙasar da ba a shigowa da biyu a fita da biyu?"

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, hanya nake nema zuwa wurin masu ɗauke da ƙasa."

"Hanya tana nan, amma kuɗin ƙofarmu rabi ne. Zaɓi abin da kake da shi biyu, ka bar mana ɗaya."

Korau ya duba hannuwansa, ya san maƙeri ba ya aiki da hannu ɗaya. Ya duba ƙafafunsa, ya san da sauran tafiya. Ya ce, "Ku ɗauki idon hagu." Da shi ne yake leƙen gefen murhu. Sarkin ya miƙo hannunsa guda ya shafi fuskarsa, wani sanyi ya ratsa shi har ƙeya, rabin duniya ya mutu masa. Ya wuce suna ta rububin idon a bayansa, kowa yana gwadawa a fuskarsa.

Daga nan ya faɗa wata gangara, zafi yana ƙaruwa, har ya iso bakin kogin narkakken dutse. Ba gada, ba kwalekwale, sai ɓawon da ya daskare a kai, wani wuri baƙi, wani ja, wani fari. A kan wani tsauni ga wani ƙaton ƙadangare mai ƙahoni yana gyaɗa kai. Ya ce, "Ya kai ɗan Adam, juya. Duk wanda ya taka kogin nan, ƙasusuwansa ne suka ƙarasa haye shi."

Korau ya ce, "Ya kai mai gadin wuta, ni da ita mun daɗe da sanin juna. Izini kawai nake roƙo."

Ya bi baƙin ɓawo ya kauce wa ja, inda ya yi shakka ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurari amo. Takalmansa suka ƙone, fatar ƙafarsa ta bi su, bai tsaya ba. Da ya haye, ya juyo ya sa awartaki ya tsamo curin wuta guda, ya riƙe shi a gaba ya zama fitilarsa. Ƙadangaren ya yi dariya ya ce, "Ɗauki, maƙeri. Wutar nan ba ta mutuwa, kai ne za ka riga ta."

Ya shiga wani mashigi tsakanin bango biyu na dutse waɗanda ba a ganin samansu, suna cije da juna, suna nishi, tsakuwa tana zubowa. A tsakiyar mashigin ya tarar da wani tsohon aljani mai hannuwa barkatai, duk sun bushe sun tsattsage, yana zaune ya tare hanya yana lasar tafukansa.

Aljanin ya ce, "Ni ne Mai-Shafa. Aikina in tari man da matanku ke zubowa in shafe gefen kayan iyayengijina masu ɗauke da ƙasa don kada su cije. Shekara da shekaru ko ɗigo ban gani ba. Ina jin warin mutum, kuma na rantse duk mutumin da ya zo nan sai na matse shi na shafa kitsensa."

Hannuwa suka taso masa ta ko'ina. Korau ya yi maza ya kwance ganyen man da Tabawa ta ba shi ya miƙa. Aljanin ya sansana, sai ya tsaya. Ya ce, "Na san wannan hannu. Mai ƙona mai ce, ta bakin maƙera. Kullum nata sai ya sa ni atishawa." Ya shafa man a tsagaggun yatsunsa yana hawaye. "Mece ce ita a wurinka?"

Korau ya ce, "Yarinyar wajena ce."

"To taho, don darajarta zan kai ka. Amma abin da za ka gani ba zai yi maka daɗi ba."

Suka fito wani fili wanda ba shi da iyaka. Nan Korau ya ga masu ɗauke da ƙasa: tsofaffin mata biyu, kowace tsawonta ya fi gaban kwatance, kowace da gammo a ka, a kan gammon kuma rabin duniya, da gonakinta da garuruwanta. Uwar Gabas ta nufi kudu, Uwar Yamma ta nufi arewa, sun haɗu a hanya siririya suna gifta juna. Ga turkensa can sama ya soke gefen kayan biyu ya ɗinke su. Sai dai matan ba su tsaya ba. Ƙafafunsu sun ci gaba da tafiya duk shekarun nan, kawunansu na riƙe a baya, wuyoyinsu sun miƙe sun lanƙwashe, jijiyoyi sun fito kamar igiyar guga. Turken kuwa ya fara tsagewa a tsakiya.

Korau ya faɗi ya yi gaisuwa. Uwar Gabas ta juyo da ƙwayar idonta kawai, don wuyan ba ya juyuwa. Muryarta ta sa haƙoransa suka kaɗa. "Ya kai ɗan ƙaramin abu, kai ne ka ɗinke mana kaya?"

"Ni ne, ya uwar ƙasa. Na tuba. Ina roƙo ku dakata da tafiya, ku komo baya kaɗan in zare shi."

Uwar Yamma ta ce, "Ba a halicce mu da tsayawa ba, balle komawa. Da muna iyawa, da mun yi saboda wuyanmu, ba saboda kai ba."

"To in na zare shi fa?"

"Wuyanmu zai miƙe lokaci guda. Tafiyar da ka hana kayanmu shekara da shekaru, za su yi ta kafin ka ƙifta idon da ya rage maka. In ka bar shi kuma zai karye da kansa, duk ɗaya ne. Ba mugunta ba ce, ɗan Adam. Mu ba mu ma san da ku a sama ba, sai in mun ji ƙamshin mai."

Korau ya daɗe yana kallon turken. Shi ya ƙera shi, ya san halinsa. Ƙarfe mai sanyi karyewa yake yi, amma mai zafi miƙewa yake yi. Ya ce, "Ya iyayen ƙasa, in na gasa shi ya yi ja, ina dukansa yana ƙara tsawo kaɗan-kaɗan, kayanku za su zame a hankali har wuyanku ya daidaita?"

Uwar Gabas ta ce, "Za su zame. Amma ran da ka bari ya huce, ran nan zai karye."

"Har yaushe ke nan?"

"Abin da aka ɗaure da gaggawa, a hankali ake sakinsa. Sauran kwanakinka za su isa, in ba ka yi ha'inci ba, amma ba za su yi saura ba. Kuma ka sani, duk dukan da ka yi, kana ƙara nesanta ƙofar da ka ɗaure ƙasa saboda ita. Ka yarda?"

Korau ya runtse idon da ya rage masa. Ya tuna gefen murhu, da goyon da ke bayan 'yarsa. Ya ce, "Na yarda."

Mai-Shafa ya ɗauke shi ya hau da shi har ƙarƙashin tsagar, ya zaunar da shi kan wani ɗan dutse da ya fito daga kayan Uwar Gabas. Korau ya kara curin wutar a jikin turken, Mai-Shafa ya kama zugazugi da hannu biyu cikin hannuwansa masu yawa. Ƙarfe ya yi ja. Korau ya yi bisimilla ya kai duka na farko, sai duniya ta yi wani ɗan ƙaramin motsi.

A Zamiya, ran nan tuluna suka yi rawa a kan gindinsu, amma ba wanda ya faɗi. Iya Hakama ta fito tana kiran mata, ta tarar Tabawa ta riga ta ɗora kasko a wuta. Aka nemi Korau aka rasa, aka yi masa addu'ar matattu. Sai dai in gari ya yi tsit, masu kunne sukan ji wani bugu can ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, ba ya sauri ba ya fashi.

A ƙasa babu rana babu wata, da mai Korau ke gane shekara. Kaka ta farko man ya zubo daidai kafaɗarsa, mai ƙauri, Mai-Shafa ya yi atishawa, Korau ya yi dariyar da bai taɓa yi a gabanta ba. Kaka ta biyu ya zubo inda sai ya miƙa hannu. Daga baya hannun ma ya daina kaiwa, sai ƙaurin kawai yake jiyowa. Hasken ƙarfe ya cinye masa idon da ya rage, ya koma gane zafin turken da fatar fuskarsa. Gemunsa ya yi fari, ya ƙone, ya sake fitowa. Ƙaurin kuwa kowace shekara yana ƙara nisa zuwa arewa.

Wata kaka mai ya zubo masa a kafaɗa, mai kyau, mai ƙamshi, na wata matar da yanzu ƙofarta ke kallon tsohuwar maƙera. Korau ya ɗaga hanci ya yi ta sansanar iska, bai ji komai ba. Ya ce, "Mai-Shafa, je ka duba min can arewa."

Aljanin ya miƙa hannunsa mafi tsawo, ya daɗe yana laluba, sannan ya janyo shi ya sansana, ya yi atishawa. Ya ce, "Tana nan, maƙeri. Har yau ba ta iya ba. Amma ta wuce inda hancinka zai kai, baɗi kuma za ta wuce inda hannuna zai kai."

Korau ya ajiye gudumar a kan cinyarsa. Baƙin ciki ya cika masa ƙirji, da wata murna a ƙarƙashinsa, don nisan nan shi ne shaidar cewa rufin ɗakinta yana nan tsaye a kanta. Ya ɗaga makahon kansa wajen tsagar, inda babu mai jinsa sai aljani da tsofaffi biyu da ba su damu ba, ya ce a hankali, "Tabawa."

Sai ya ji ƙarfen ya fara hucewa a fuskarsa. Ya ce, "Zuga." Ya ɗaga guduma ya buga.